Kiran da Ya Maƙale a Rariya

Da hantsi injin da ake kira Rariya ta fi yin aiki lafiya, bayan jiragen safe sun gama kwasar ma'aikata, birnin Tsaunin Baure ya ɗan lafa. A lokacin ne Dayyabu yake shiga ɗakin sauraro, ya tuɓe takalmi, ya kishingiɗa a kujerar fata, ya kifa hular waya a kansa har ta rufe kunnuwa. Sai ya ce, "Buɗe." Can arewa, cikin rairayin da ko akuya ba ta zuwa, faya-fayan ƙarfe masu faɗin filin ƙwallo sukan juya fuska gaba ɗaya zuwa gefe guda na sama. Abin da suka kwaso yakan biyo waya ta ƙarƙashin ƙasa ya zubo masa a kunne. Shuuu kawai yake ji, kamar ruwa yana sauka a kwanon maƙwabta. A kan wannan shuuu ɗin yake neman digirinsa na uku.

Mutanen garinsu, Kwanar Dinya, sun ɗauka kwana yake yi a tsaye yana ƙirga taurari, har tausaya masa suke yi. Da sun sani da sun adana tausayinsu. Tun da Dayyabu ya fara bincike bai leƙa tauraro ko ɗaya ba, kuma ana sallame isha'i yake bin lafiyar gado.

Abin da yake bi ya girmi taurari. Masana sararin samaniya sun daɗe da sanin akwai wani ɗumi da ya rage tun farkon halitta, shimfiɗe ko'ina a sama, suna ce masa tsohon haske. Ido ba ya ganinsa, amma faifan ƙarfe yana kama shi dare da rana. A ƙarƙashin tsohon hasken kuma ana zaton akwai wata 'yar girgiza da ta fi shi tsufa, sawun motsin farko da sarari ya yi sa'ad da Ubangiji ya buɗe shi. Ita kowa yake nema, kuma ba wanda ya taɓa jin ta.

Matsalar ita ce duk abin da ke tsakaninmu da can surutu yake yi. Rana tana nata, ƙurar taurari tana nata, taurarin ɗan'adam da suka cika sama suna nasu, har wayar da ke aljihun mai shara. Aikin Rariya ke nan: ta mai da saƙon sama sauti, ta tankaɗe, ta fitar da tsaki ta bar gari. Amma inji shi kaɗai yakan kai wani zurfi ya tsaya. Sai aka gano ƙwaƙwalwar mutum ta fi kowace na'ura iya tsinto abin da ta sani a cikin hayaniya, shi ya sa aka haɗa su aiki. Mutum ya saurara, inji ya karanta abin da kansa ya gane, ya cire.

Sai dai kan mutum ba ya zuwa hannu rabbana. Duk wanda ya taɓa jin kamar ana sallama, ya fita ya tarar iska ce, ya san wannan. Kunne yakan cusa abin da ya saba ji cikin kowace hayaniya. Saboda haka duk sautin da mai sauraro ya shigo da shi daga rayuwarsa, dole ya miƙa wa Rariya ta tace. Abin da ta tace kuwa ba a allo kaɗai yake ɓacewa ba. Ƙofarsa takan rufe a cikin kan mai shi, ya daina jin sa, ya manta yadda yake. Ƙofar ba ta sake buɗewa sai sautin ya yi ta bugunta, yau da gobe, ba ƙaƙƙautawa, har kunne ya sake koyonsa daga farko.

Ɗalibai ba su ɗauki wannan a bakin komai ba, wasu ma murna suke yi. Dayyabu ya fara miƙa ƙugin jirgin igiya da ke wucewa ta bayan tagarsa, ya sha barci mai daɗi na 'yan kwanaki kafin ƙugin ya dawo, don jirgi ba ya fashi. Ya miƙa tarin maƙwabcinsa, ya miƙa ƙarar injin sanyaya ɗaki, bai yi kewar ko ɗaya ba. Sai da aka zo kan tantabaru ya san akwai abin tsoro a cikin aikin.

Kiwon tantabaru shi ne abin da karatu ya rage masa na kansa. A saman dogon benen ɗalibai, bayan allunan da ke tara wutar rana, ya jera tukwanen ƙasa da ya yi ta jigila daga gida, ya kwantar da su a kaikaice, tantabaru suka mai da su ɗakuna. Hukumar gidan ta hana kiwo, amma hawa na ƙarshe da ƙafa ake yinsa, hukuma kuwa ba ta son matakala. Kullum bayan la'asar yakan hau da gero a aljihun riga, ya kife bokiti ya zauna, ya yi ta ba su labarin wahalar da yake sha. Akwai wani baƙin namiji mai faɗan tsiya da ya sa wa suna Shugaban Sashe. Akwai wata fara mai ɗingishi da ba ta cin komai sai a tafin hannunsa. Ranar da ya miƙa kukansu ga Rariya ya hau kamar kullum, suka kewaye shi, maƙogwaronsu yana kumbura yana sacewa, shi kuwa iska kawai yake ji. Ya watsa geron ya sauko da sauri. Sai da damina ta yi nisa kukan ya dawo masa kaɗan-kaɗan, ya yi hamdala.

Bincike ya yi nisa, abokan shigarsa sun fara ɗinka rigar yaye, sai wani abu ya fara fitowa a allo. Bayan an tace duk abin da za a tace, layin da ya kamata ya kwanta sai ya ɗan tashi: tudu uku a jere, na ƙarshe ya fi tsawo. Ya juya faya-fayan gabas, ga shi nan. Ya juya su kudu, ga shi nan, bai ƙaru ba bai ragu ba. Dayyabu ya daina cin abinci yadda ya kamata. Ya fara hango sunansa a littattafan 'yan makaranta, har ya taɓa kama kansa yana gwada wa tantabaru jawabin karɓar lambar yabo, Shugaban Sashe yana kallonsa da ido ɗaya.

Da ya kasa riƙewa sai ya kai wa Farfesa Ladidi, mai kula da bincikensa. Mace ce mai ƙarancin magana da yawan cin goro, wadda ta fara neman girgizar nan da ƙuruciyarta, ga shi furfura ta same ta a kai. Ta daɗe tana kallon allon.

"Ko'ina ka juya kana samunsa?"

"Ko'ina, ranki ya daɗe. Kamar dai yadda lissafi ya ce."

"Lissafi ya ce za a same shi ko'ina. Bai ce zai riƙa zuwa da kama ɗaya sak ba. Ni abin da yake bin mutum duk inda ya juya, na fi zargin daga gida ya fito. Ba ni hular."

Ta kifa hular a kan ɗankwalinta ta saurara har azahar. Layi ya kwanta shame-shame. Ta miƙa masa, ya sa, tudu uku suka tashi kamar jiransa suke yi. Ba ta ce masa ai na gaya maka ba. Ta dai umarci Rariya ta ware wannan ɗan wurin, ta fito da shi ta lasifikar ɗaki, su ji da kunnen Allah.

Da farko shuuu ɗin nan ne. Sai daga can ƙarƙashinsa, kamar daga cikin rijiya, muryar mace ta taso, siririya, a tsorace, ta tsaga ɗakin.

"Dayyabu!"

Gashin jikinsa ya tashi. Wata da watanni yana zaton abin nan daga farkon halitta yake tahowa, ya keto duk sammai da duk zamunna. Ga shi ya iso, kuma muryar Inna ce.

Dayyabu ɗan fari ne, kuma Innarsa ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, wadda ko a Kwanar Dinya an fara mantawa da ita. Ba ta taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. A ɗakin kakarsa ya girma. Gida ɗaya, tsakar gida ɗaya, amma in ya shigo ta wannan ƙofa sai ta sami abin yi a waccan. Sunansa kuwa ba ya hawa bakinta. "Yaron nan" take cewa, da ya fara kiwo ya koma "mai tantabaru". Ƙannensa ta goya su, ta kira su, ta zage su, ta yi musu waƙa. Shi sai dai ya tarar da tuwonsa a rufe, da tsokar nama binne a ƙasan miya inda ba wanda zai gani. Kowa ya gaya masa al'ada ce, shi ma ya sani, amma sanin bai hana abin yi masa ciwo ba.

Sau ɗaya tak kunyar ta karye. Yana ɗan yaro, an ɗauke ruwa ke nan, ya hau soro bin wata tantabara da ta ƙi shiga. Indararo ya ɓalle a ƙarƙashin ƙafarsa, ya sulluɓo, ya maƙale da hannu ɗaya a bakin soron. Inna tana daka. Ta saki taɓarya ta ƙwalla kiran nan a gaban kakarsa, a gaban matan gida, a gaban kowa. Aka sauko da shi ba ko ƙwarzane. Ita kuwa ta shige ɗaki ta ƙi fitowa sai washegari, mata suka yi ta tsokanarta har aka yi girbi. Tun daga ranar bai sake ji ba. Bai kuma taɓa gaya wa kowa cewa da kiran nan yake rayuwa ba. Duk sa'ad da zuciya ta raya masa cewa Inna ba ta sonsa, shi yake ɗaukowa ya saurara, ya sami sauƙi.

Waɗanda suka ƙera Rariya sun san da zaman irin wannan kira. A awon kunnen da ake yi wa kowane sabon ɗalibi ma shi ne tambaya ta farko, don a ganinsu babu sautin da ya kai shi yawa a kan ɗan'adam. A tace shi yau, uwa ta buga waya ta yi ta kiran abinta, kafin wata guda kiran ya dawo. Ranar da aka yi wa Dayyabu nasa awon, Rariya ta ce masa, "Tuna muryar mahaifiyarka tana kiran sunanka."

Ya ce, "Babu."

"Mahaifiyarka ta rasu ne?"

"Tana nan da ranta. Ni ɗan fari ne."

Inji bai san abin da wannan yake nufi ba, ya wuce tambaya ta gaba. Dayyabu kuma bai ga ya yi ƙarya ba. Wa zai zauna ya tona wa inji asirin mahaifiyarsa?

Farfesa Ladidi ta saurari labarin nan ba ta katse shi ba. Da ya gama sai ta cire goron bakinta ta ajiye.

"Nawa na farin yana can ƙasar waje da iyalinsa," in ji ta. "Ko a asibiti, in aka tambayi sunansa, babansa nake kallo." Sannan ta gyara zama ta koma Farfesa. "Hanya biyu ce. Ko ka miƙa shi Rariya ta tace, ta koma kan duk abin da ka tara ta wanke, mu ga me ke ƙasa. Ko ka riƙe abinka mu zubar da aikin gaba ɗaya, don da kunnenka aka tara shi, ba ya wankuwa da kunnen wani. Faya-fayan kuma ka san layin da ke jiransu. Ba za a sake ba ka ba."

"In na miƙa, zai dawo kamar na tantabaru?"

"Tantabaru kullum suna kuka, Dayyabu. Innarka fa?"

"To a naɗi wannan na lasifika mana. In yi ta saurare har ya buɗe."

"An gwada, ba ya yi. Abu ɗaya sak da ake maimaitawa ba ya motsa ƙofar. Kira irin wannan sai murya mai rai, wadda kiran yau ya bambanta da na jiya." Ta miƙe tana karkaɗe zane. "Ba zan ce maka yi ba, ba zan ce maka bari ba. Je ka yi tunani."

Da la'asar ya hau wurin tantabaru, ya kira ƙanwarsa Barira a waya, wadda aurenta yake maƙwabta, kusan kullum tana gidansu.

"Yaya, kamar ka san yanzu muka gama zancenka. Ga Inna nan tana tsintar wake."

"Ba ta wayar."

"Kai ma ka san ba za ta karɓa ba. Na buɗe murya, yi magana tana ji."

"Inna, ina wuni?"

"Lafiya lau," muryar ta zo daga ɗan nesa. "Barira, ki tambaye shi ko suna samun abin miya a can. Muryar nan ta wanda ba ya cin abinci ce."

"Ina ci, Inna." Ya ƙara matso da wayar bakinsa. "Inna, kin tuna ranar da na kusa faɗowa daga soro?"

Wake ya ci gaba da zuba a faranti.

"Ki ce masa ni ban san wannan zance ba. Ki ce ya gama karatun nan haka. Mutane sai tambayata suke yi, na rasa abin da zan ce musu."

Barira ta fashe da dariya. "Yaya, wallahi ta ja gyale ta rufe fuska!"

Ya kashe wayar ya zauna yana jera wa kansa hujjoji. Ai ita ma Inna ta ce ya gama. Ai sauti ba shi ne so ba, zai ci gaba da sanin an taɓa kiransa. Ai ba sake kiransa za ta yi ba, balle ƙofar da ta rufe ta dame shi. Mai digiri biyu ba ya rasa hujja in yana so. Gaskiyar da bai jera ba ita ce, yana jin girgizar tana nan kwance ƙarƙashin kiran, taku ɗaya ya rage, kuma yana so a ce shi ya fara jin ta. Farar tantabarar ta ci geron tafinsa ta gama, ta tsaya tana jiran ƙari, bai ko lura ba.

Da hantsin da ya shirya, ya kishingiɗa ya kifa hula. Farfesa tana zaune a gefe, ba goro a bakinta.

Rariya ta ce, "Tuna shi gaba ɗaya. Kada ka rage komai."

Ya tuna. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika masa hanci. Ya ji sanyin laka a yatsunsa, ya ji ƙafafunsa suna lilo a iska, ya ji taɓarya ta faɗi a kan turmi. Sai muryar ta zo, ta fi ta ranar kusa, har ya ji abin da bai taɓa lura da shi ba: bayan sunan akwai wani ɗan guntun numfashi da ya karye mata a wuya, irin na wanda aka fizge wa rai. Ashe haka ta tsorata. Ashe haka yake a wurinta. Ya buɗe baki zai ce tsaya.

"An tace," in ji Rariya.

Ya koma ya laluba. Soron yana nan, taɓarya tana nan, ga Inna tsaye baki buɗe, amma babu abin da ke fitowa. Ya san ta kira shi, kamar yadda ya san sunan babban birnin wata ƙasa da bai taɓa zuwa ba. Ya cire hular ya riƙe a cinya, hawaye suna zubo masa, bai san takamaimai me yake yi wa kuka ba.

Rariya ta koma kan aikin shekarunsa ta wanke shi tas. Suka tsaya gaban allo su biyu suna jira. Layi ya fito daga wannan gefe ya tafi wancan, a kwance, babu tudu babu kwari. Babu girgiza. Ƙarƙashin kiran Inna babu komai sai shiru.

"Wannan ma sakamako ne," in ji Farfesa, ba ta kalle shi ba. "Ba wanda ya taɓa kaiwa wannan zurfi ya dawo ya ce babu."

Haka kuwa aka yi. Ranar kare bincike manyan malamai suka yi ta yaba masa, wani tsoho daga cikinsu ya ce tun da yake bai taɓa ganin shiru mai tsabta irin wannan ba. Aka tafa, aka ce masa Dakta. Kafin ya huta sai ga gayyata: ana kafa sabbin faya-fayai a bayan duniyar wata, ɓangaren da ba ya kallon duniya, inda surutunmu ba ya isa. Wataƙila can za a ji girgizar. Ana neman masu tatattun kunnuwa, kuma wanda ya je sai ya yi shekaru kafin ya dawo. Dayyabu ya amsa tun ba a gama karanta masa sharuɗɗan ba, don in bai ci gaba da nema ba, bai san me zai ce ya saya da abin da ya bayar ba. Tantabarun ya bar wa wani sabon ɗalibi, da gargaɗi a kan Shugaban Sashe.

A Kwanar Dinya aka yi walima ta gani ta faɗa. Inna tana madafa tun safe, ba ta leƙo wurin taro ba, sai aike: "Ku kai wa mai tantabaru, kada ya huce." Ya lura ta tsufa fiye da yadda waya take nunawa. In ta miƙe sai ta dafa bango, in ta yi 'yar tafiya sai ta tsaya ta mai da numfashi. Da yamma yana alwala a bayan rumbu ya jiyo ta tana tambayar Barira ƙasa-ƙasa.

"Can ɗin da zai je, in aka yi rasuwa ana dawowa?"

"Ba a dawowa, Inna, sai wa'adi ya cika."

"To," in ji Inna.

Ranar tafiya ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. Daga ciki ta yi addu'a tana fuskantar bango: Allah ya tsare, Allah ya kai lafiya, Allah ya haɗa da mutanen kirki. Ya shafa, ya ɗauki jaka ya ratsa tsakar gida. Mata suna daka, yara suna guje-guje, kaji suna tono a gindin randa. Ya kai bakin zaure sai dakan ya tsaya, duka turamen lokaci ɗaya. Ya ƙara 'yan taku kafin ya ji nauyin shirun a bayansa, ya waiwaya.

Inna ce tsaye a tsakiyar gida, ba gyale, ba takalmi, hannunta ɗaya dafe da turmi, bakinta yana rufewa. Duk gidan shi ake kallo.

"Yaya!" Barira ta taho da gudu, idanunta cike da ƙwalla. "Inna na kiranka ka yi banza da ita?"

"Me ta ce?"

"Wane irin me ta ce? Sunanka ta kama! Har sau biyu!"

Jakar ta suɓuce masa. Ya dawo ya zube a gabanta. Bai taɓa ganin fuskarta haka ba: ga kunya, ga kuma wani abu da ya fi kunya ciwo, don ta ɗauka ramawa yake yi.

"Na'am, Inna. Ban ji ba ne. Wallahi ban ji ba."

"Har maƙwabta sun ji," in ji wata gwaggonsa daga bakin murhu. "Kai ne kurma?"

"Inna, ƙara. Don Allah ƙara sau ɗaya."

Ta dubi matan, ta dube shi. Ya ga abin da yake nema ya fi ƙarfinta, ya ga kuma za ta yi. Ta sunkuyo da ƙyar, ta dafa kafaɗarsa, hannun da bai tuna ranar da ya taɓa shi ba, ta kawo bakinta dab da kunnensa. Ya tattara duk ƙwarewar sauraron da ya koya. Ya ji kaza tana tono. Ya ji tukunya tana tafasa a madafa. Ya ji ɗumin numfashinta yana taɓa kunnensa, ɗaya, biyu, na ukun ya ɗan daɗe. Da ɗumin ya ɗauke sai ya ce, "Na'am."

Ta miƙe, fuskarta ta saki. "To, tashi ka tafi, kada jirgi ya bar ka." Ta juya ta shige ɗaki, labule ya faɗi.

Jirgin ƙasa ya bar gonakin Kwanar Dinya a baya kafin ya iya ciro waya. Barira ta ɗauka tana jan hanci.

"Barira, yaya ta faɗa?"

"Kamar yaya, Yaya?"

"Muryarta. Ta ɗaga ne ko ta sassauta? Ta ja ƙarshen ko ta datse? Gwada mini."

"In kama sunanka? Ni?"

"Na yafe miki. Gwada."

Sai ta ce, "Dayyabu." Ya ji shi sarai, muryar Barira ce, ba ta kowa ba.

"A'a, ba haka ba ne," in ji ta. "Bari in sake." Ta sake, ta kuma sakewa. "Kai, ban iya ba. Ni tun da nake ban taɓa jin Inna ta kira wani cikinmu haka ba. Kai aka kira, har a kunne aka raɗa maka. Ai kai ya kamata ka gaya mini."

"Haka ne," in ji shi.

Ya kife wayar a cinya. Jirgin ya ci gaba da gudu da shi zuwa inda aka ce ya fi ko'ina shiru.